Kyan Ido Daban, Lafiyar Ciki Daban: Abin da Bincike Ya Nuna Kan Kayan Gwari Bayan an Tsinke Su

Kusan duk shekara idan mangwaro ya fara shigowa kasuwa, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC kan sabunta gargaɗinta a kan nuka 'ya'yan itatuwa da kabaid, sinadarin nan na masu walda. Daidai lokacin kuma saƙonni kan cika WhatsApp. Wani ya ce ruɓaɓɓen tumatir na kawo ciwon daji, wani ya ce da an jiƙa latas a ruwan gishiri shi ke nan an gama da cuta, wani kuma ya ce a jefa mangwaro cikin bokitin ruwa, in ya taso sama to an sa masa magani. Uwargidan da ta aiki yaro cefane a unguwar Jekadafari ko Pantami a garin Gombe ta rasa wanne za ta kama. Shi ma manomin Kwadon, kusa da Gombe, yana jin ana cewa kusan rabin tumatirin da ake nomawa a ƙasar nan asara ne, alhali shi dai ya san ya sayar da nasa ya karɓi kuɗinsa.

Yawancin ruɗanin ya samo asali ne daga haɗa abubuwa uku da masana ke rarrabewa. Akwai inganci, wato kyau, tauri, ɗanɗano da amfanin da kayan ke yi wa jiki. Akwai lafiyar abinci, wato kuɓutar mai ci daga ƙwayar cuta ko guba. Sai kuma asarar bayan girbi, wadda ta haɗa abin da aka zubar da kuma darajar da ta ragu tsakanin gona da tukunya. Tumatir na iya yin yaushi, farashinsa ya faɗi, amma bai cutar da kowa ba. Latas kuma na iya zama shar kamar yanzu aka cire shi, alhali yana ɗauke da abin da zai kwantar da gida guda.

Tsinkewa ba ta kashe tumatir

Cikin masanan da suka fi yin fice a wannan fanni akwai Farfesa Adel Kader, ɗan asalin Masar wanda ya shafe shekaru yana koyarwa da bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka, har ya rasu a 2012. Tushen aikinsa da na abokan aikinsa magana ce mai sauƙi: ɗan itace ko ganye yana nan da rai bayan an raba shi da uwarsa. Yana shaƙar iska, yana ƙona sukarin da ya tara, yana fitar da zafi da tururin ruwa. Bambancin kawai shi ne yanzu ba saiwar da za ta mayar masa da abin da ya kashe. Daga ranar tsinka, cikin guzurinsa yake ci.

Saurin cin guzurin nan ya dogara ne da zafi. Ƙa'idar da binciken ya tabbatar ita ce duk ƙarin digiri 10 a ma'aunin zafi kan ninka saurin lalacewa sau 2 zuwa 3. A Gombe, inda zafin watan Maris da Afrilu kan kai digiri 40, kwandon da aka bari a rana a bakin gona ana jiran mota ya riga ya yi asarar kwanaki daga rayuwarsa tun kafin dillali ya taya. Fatar tumatirin da rana ke duka kai tsaye ta fi iskar wurin zafi, kuma idan aka danna shi cikin kwando da zafinsa, na tsakiya ba shi da ta inda zai huce.

Sai ruwa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na nauyin tumatir ruwa ne, haka kankana da kokwamba. Yawancin kayan lambu da sun rasa abin da ya kai kashi 5 cikin 100 na nauyinsu sai yaushi ya bayyana. Alayyahu da latas sun fi saurin nunawa saboda faɗin ganyensu, kuma iskar hunturu, duk da sanyinta, busasshiya ce mai zuƙe ruwa.

Abu na uku iskar da ake kira etilin ce, wadda ɗan itacen da kansa ke fitarwa don ya nuna. Tumatir, mangwaro, ayaba, gwanda da gwaiba suna cikin rukunin da ke ci gaba da nuna bayan an tsinke su, muddin sun ƙosa. Lemo, abarba da kankana ba sa ƙara zaƙi bayan tsinka. Yadda aka cire su haka za su kasance. Rauni kan sa ɗan itace ya ƙara fitar da etilin, don haka tumatir ɗaya da ya fashe yana gaggauta nunar maƙwabtansa, ga kuma ruwansa da ke raba musu ƙwayoyin ruɓa. Kader ya kuma jawo hankali ga wani abin da kasuwa ba ta auna shi: ɗanɗano kan riga kyan ido gushewa. Wannan ne dalilin da ya sa a kan sayi tumatir ja jawur, a yi miya, a ji ta salam.

Kwando da doguwar hanya

Wanda ya taɓa tsayawa wajen lodi a Kwadon, kan hanyar Gombe zuwa Biu, ya san yadda abin yake. Ana cika kwando har ya yi tozo, domin mai saye tozon yake kallo. A rufe bakinsa da takarda ko ciyawa a ɗaure, 'yan dako su cicciɓa su miƙa, a jera sahu na farko, a gitta itace, a ɗora na biyu. Babban kwando kan ɗauki kilo 50 ko fiye, kuma gindinsa ya fi bakinsa ƙanƙanta, saboda haka duk nauyin yana taruwa ne a kan 'yan tumatirin da ke ƙasa. Tsinin saƙar kwandon na soke na gefe. Motar da za ta Legas tana da fiye da kilomita 1,000 a gabanta, ga ramuka, ga shingaye, ga tsayuwa a rana. Kafin ta isa, ruwan da ke ɗiga daga ƙarƙashinta ya isa shaida.

A nan ne alƙaluman asara ke shigowa, kuma suna bukatar a karanta su da lura. A 2011 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa a duniya yana salwanta. A 2019 ta fitar da wani lissafi da ya tsaya a tsakanin girbi da isa hannun 'yan kiri, ta samu kusan kashi 14 cikin 100. Ba saɓani ba ne, wurin da aka fara awo da wurin da aka tsaya ne suka bambanta. Game da tumatirin Najeriya an fi ambaton kashi 40 zuwa 45 cikin 100. Ƙiyasi ne na ƙasa baki ɗaya, kuma yana haɗa abin da ya lalace a gona, a hanya da a kasuwa. Shi ya sa manomin da ya sayar a bakin gona ba ya ganin asarar da idonsa. Amma yana biyanta, domin ɗan kasuwan da ya san wani kaso zai lalace a hanya ya riga ya cire shi daga farashin da ya taya.

Abin da ido ba ya gani

Ɓangaren lafiya ya fi wuyar sha'ani, saboda ba shi da alama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ke kamuwa da rashin lafiya duk shekara ta dalilin gurɓataccen abinci, 420,000 kuma su mutu, kuma nahiyar Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin idan aka kwatanta da yawan jama'a. Lissafin ya shafi kowane irin abinci, amma kayan da ake ci ɗanye suna da kaso a ciki, tunda ba wutar da za ta tsaya tsakaninsu da ciki.

Hanyoyin gurɓata sanannu ne: ruwan ban-ruwa da ya haɗu da na kwata ko bahaya, takin dabbobi ko kashin kaji da aka zuba bai gama ruɓewa ba, hannun mai tsinka, tabarma ko ƙasar da aka baza kayan a kai. A kasuwa kuma akwai bokitin nan guda ɗaya da mai kayan miya ke tsoma latas da karas a ciki tun safe har la'asar don su yi sheƙi. Ruwan yana gyara kyan ido, wato inganci, amma idan damin farko na ɗauke da ƙwayar taifot ko kwalara, ya raba wa duk na bayansa.

Akwai wani binciken da ya kamata masu wanke tumatir da yawa su sani. Idan aka zuba tumatir mai zafin rana cikin ruwan da ya fi shi sanyi, iskar da ke cikinsa kan tsuke, sai ya zuƙi ruwan ta wurin da aka cire hancinsa. In ruwan ba shi da tsabta, ƙwayar cutar ta shige ciki ke nan, inda wanki ba zai ƙara kaiwa ba. Don haka masana ke cewa a bar shi ya huce a inuwa tukuna, kuma kada a bar shi ya daɗe a jiƙe.

Maganin feshi ma yana cikin lissafi. Tun bayan ɓarnar da tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon ta yi a 2016, feshi ya ƙaru a gonaki da dama. Kowane magani yana da adadin kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbarsa da za a jira tsakanin feshi na ƙarshe da tsinka. Manomin da ya ji farashi ya tashi a kasuwa, ko wanda bai iya karanta Turancin jikin kwalbar ba, kan tsallake wannan jira. Wanki da ruwa mai tsabta yana rage abin da ke kan fata, amma ba ya fitar da irin maganin da tsiro ke shanyewa cikin jikinsa. Ruwan gishiri ko na binega na ɗan rage ƙwayoyin cuta, ba ya kawar da su duka. Sabulu da omo kuwa ba a yi su don abinci ba.

Maganar kabaid

Idan kabaid ya haɗu da laima yana fitar da iskar asitilin, wadda ke kwaikwayon aikin etilin a jikin ɗan itace. Matsalar ita ce kabaid ɗin kasuwa na masana'antu ne, kuma yana iya ɗauke da burbushin guba irin su arsenik da fosforas. Wannan ne hujjar NAFDAC ta hana amfani da shi, kuma ƙasashe da dama sun hana. Wanda ya fi kusa da haɗarin shi ne mai nukar da kansa, da ke shaƙar iskar a ɗaki rufe yana taɓa garin da hannu.

Masu sana'ar suna da tasu hujjar. Mangwaro ko ayabar da aka bari ta nuna a bishiya ba za ta jure doguwar tafiya ba, kuma mai saye ba ya taya kore. A nan bincike ya ba kowane ɓangare wani abu. Nuka kanta ba laifi ba ce, tsohuwar dabara ce. Kakanni suna rufe ayaba a ɗaki ko a rami, kuma saka ɗanyen mangwaro tare da nunanniyar ayaba cikin buhun takarda yana aiki ne da etilin ɗin da ayabar ke fitarwa. A Indiya an haramta kabaid amma an halatta amfani da iskar etilin a ɗakunan nuka bisa ƙayyadadden awo. Abin da ba ya gyaruwa shi ne ɗan itacen da aka tsinka bai ƙosa ba: fatarsa za ta yi rawaya, cikinsa ya zauna da tsami.

Alamomin da ake yaɗawa, irin su bawo rawaya fes da hanci kore, ko rashin ƙamshi, suna iya sa mutum ya yi hattara, amma ba hujja ba ce. Gwajin bokitin ruwa ma haka, domin tasowa ko nutsewar mangwaro na da alaƙa da irinsa da ƙosawarsa. Ɗakin gwaji ne kaɗai ke iya tabbatarwa. Wannan na da muhimmanci ga mai talla da ake iya ƙaurace wa kayansa bisa zato.

Fasasshen tumatir da kauɗa

A kowace kasuwar gwari akwai kashin da ake warewa gefe a sayar da araha, kuma masu abincin sayarwa da gidajen da kuɗin cefane ya yi wa kaɗan su ne masu sayensa. Sai dai wannan kashin iri biyu ne. Tumatirin da ya fashe yau saboda danniya, ba wari ba fumfuna, idan aka wanke aka dafa shi yau ɗin sosai, haɗarinsa kaɗan ne, domin tafasa na kashe ƙwayoyin cuta. Wanda ya yi fumfuna fari ko baƙi, ko yake wari, hukuncinsa daban. Wasu nau'o'in fumfuna na fitar da guba wadda zafin girki ba ya rusawa, kuma a cikin abu mai laushi da ruwa kamar tumatir, saiwar fumfunar kan wuce inda ido ke gani. Yanke wurin bai wadatar ba. A abu mai tauri irin karas ko kabeji ana iya yanke wurin tare da yalwataccen gefe a yi amfani da sauran.

Gubar da aka fi ambata ita ce afulatoksin, wadda aka tabbatar tana haddasa ciwon dajin hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Sai dai an fi samunta a gyaɗa, masara da busasshen barkono da ba su bushe da kyau ba, fiye da ɗanyen tumatir, wanda nasa fumfunar ke da irin tasu gubar. Saƙon WhatsApp ɗin nan na ruɓaɓɓen tumatir da ciwon daji yana da tushe, amma ya bar wurin da haɗarin ya fi yawa.

Wannan ya kawo maganar shanya. Kauɗa da busasshen tattasai su ne hanyar da manomi ya gada ta tsere wa faɗuwar farashi, kuma hanya ce mai kyau a ƙasar da ke da rana irin tamu. Inda ake samun matsala shi ne shanya a ƙasa ko a gefen kwalta, inda ƙura, hayaƙin mota, awaki da ɓeraye ke bi ta kai. Ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashinsa, kuma maƙwabciyarmu Bauchi na cikin jihohin da cutar ta fi kamawa a 'yan shekarun nan. Shanya a kan gado mai tsayi ko tamfol mai tsabta, da kwashewa kafin dare, na rage wannan. Zuba fiya-fiya a buhun busasshen kaya don korar ƙwari kuwa ƙara wata guba ce. Irin wannan sinadari ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya a 2015.

Ɗakin sanyi, randa ko kiret

Masu neman mafita sun kasu. Wasu na ganin ba abin da zai yi sai ɗakunan sanyi da motoci masu firji, tunda zafi ne babban abokin gaba. Suna kafa hujja da kamfanoni irin ColdHubs, wanda Nnaemeka Ikegwuonu ya kafa a 2015, mai gina ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana a kasuwanni yana karɓar kuɗin ajiya a kan kowane kiret. Masu ja da wannan na nuna tsadar kafawa da gyara, da kuma wani abin da ba a cika faɗa ba: kayan ƙasashe masu zafi ba sa son sanyi mai yawa. Tumatirin da bai gama nuna ba, da mangwaro da ayaba, suna samun illa idan sanyin ya yi ƙasa da digiri 12 zuwa 13. Ayaba ta yi baƙi, tumatir ya ƙi nuna daidai ya rasa ɗanɗano. Kuma kayan da aka fitar daga sanyi aka baza a rana kan yi gumi, laimar da ruɓa ke so.

Wasu kuma, ciki har da Kader, sun fi karkata ga ƙananan dabaru da manomi zai iya yau: tsinka da sassafe, rumfa a bakin gona, ware fasasshe kafin zubawa, rage cika kwando. Cikin wannan sahu akwai randa cikin randa da marigayi Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya yaɗa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Ana saka ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yayin da ruwan ke bushewa sai cikin ya yi sanyi. Tana aiki sosai a rani da hunturu lokacin da iska ta bushe, ƙarfinta na raguwa da damina, kuma ta gida ce ko ta ɗan tebur, ba ta mai tirela ba.

Kiret ɗin roba shi ne wanda hujjarsa ta fi ƙarfi a kan hanya. Yana ɗaukar kilo 20 zuwa 25, yana da ramukan shan iska, kuma idan aka jera shi nauyin na sauka ne a kan gefen na ƙasa, ba a kan tumatir ba. Ana kuma iya wanke shi. Amma duk da shekarun da aka yi ana tallata shi, kwando bai bar kasuwa ba, kuma dalilan ba na jahilci ba ne. Kwando tafiya ɗaya yake yi a manta da shi, kiret kuwa jari ne da sai an dawo da shi fanko daga Kudu, wani ya biya kuɗin motar, wani ya ɗauki asarar wanda ya ɓata. Ciniki, la'adar dillali da ladan ɗan dako duk a kan kwando aka gina su. Akwai kuma masu saƙa kwandon da abincinsu ke nan.

Hanya ta uku ita ce sarrafawa kusa da gona, don kada ɗanyen kaya ya yi tafiya kwata-kwata. Masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa a Kano, wadda aka buɗe a 2016, ta sha tsayawa saboda ƙarancin tumatir da saɓanin farashi da manoma. Darasin da masu nazari ke ɗauka shi ne injin na bukatar kaya duk shekara a farashi tsayayye, shi kuwa manomi da kasuwa ta yi kyau can zai nufa.

Yadda abin zai shafi jama'a

Gombe na da abin da jihohi da yawa ba su da shi: madatsar ruwan Dadin Kowa da noman ranin da ke kewaye da ita, da Kwalejin Tarayya ta Koyon Noman Lambu a garin Dadin Kowa. A matakin ƙasa akwai cibiyar binciken adana amfanin gona ta NSPRI mai hedikwata a Ilori da ta binciken kayan lambu ta NIHORT a Ibadan. Ilimin yana nan. Giɓin yana tsakaninsa da bakin gona, inda malamin gona ke wuyar gani, da kuma kasuwa, inda har yanzu ba kasafai ake biyan ƙarin kuɗi don an kula da kaya ba.

Idan aka tsaurara doka ba tare da madadi ba, misali aka hana kwando ko aka kama masu kabaid ba a samar da ɗakin nuka ba, abin da ya fi yiwuwa shi ne farashi ya tashi na ɗan lokaci, ƙananan 'yan kasuwa su fita, sana'ar kuma ta koma ɓoye. Idan aka bar abin yadda yake, mai ƙaramin ƙarfi ne zai ci gaba da sayen kashin da ya fi haɗari. Tsarin hayar kiret ta hannun ƙungiyoyin 'yan gwari, da famfon ruwa mai tsabta da rumfa a kasuwa, sun fi ɗakin sanyi araha, kuma suna taɓa inganci da lafiya a lokaci guda.

A gida kuma abin da ke hannun mai cefane ba shi da yawa amma yana da tasiri. A wanke hannu kafin a taɓa abin da za a ci ɗanye, a wanke kayan da ruwan da za a iya sha, ana zubawa yana wucewa maimakon jiƙawa, a fere abin da ke feruwa. Kankana ma a wanke bayanta kafin a yanka, domin wuƙa na jan dattin bawo zuwa ciki. Yankakkiyar kankana ko gwanda da ke ɗaure a leda a kan tire ita ce ta fi bukatar lura: ba ta da tsamin da zai hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, kuma shawarar masana ita ce kada yankakken ɗan itace ya wuce awa 2 ba a sanyi ba, ko awa 1 idan zafi ya haura digiri 32, wanda a Gombe yawancin ranakun bazara ya haura. Mai saye na iya cewa a yanka masa sabuwa a gabansa.